Laraba, ni da Oga da bitar Cochrane

Asibiti ya cika yau, ban samu zama ba sai yamma. Kwamfutar ɗakin hoto ta sake yin halinta.

Abin da ya tsaya min a rai yarinyar nan ce 'yar shekara 8, mai haƙoran sama da suka turo gaba. Mahaifiyarta ta tambaya: a fara gyara yanzu ko a bari ta girma? Na shiga wajen Oga, babban likitanmu na gyaran jerin haƙora, da bitar Cochrane ta 2018 a hannu (Cochrane ƙungiya ce mai tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya ta tace su), ina ji da kaina. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai an gama wannan magana. A gwaje-gwajen North Carolina da Florida da Manchester an raba yara ta ƙuri'a, wasu aka fara musu da wuri, wasu aka jinkirta. A ƙarshe jerin haƙoran kusan ɗaya ne. Ribar farawa da wuri ɗaya ce kawai, haƙoran gaba ba sa yawan karyewa."

Ko takardar bai kalla ba. "To Dakta, a cikin matsakaicin sakamakon yaran nan, wacce ce yarinyarki? Sun auna milimita. Ita kuma tsokana ake mata a aji."

Na ce ai gwajin Manchester ya auna yadda yaran ke kallon kansu, ya ƙaru da farko, daga baya bambancin ya ɓace. Ya ce, "Daga baya. Shekarun da ke tsakani fa, wa zai biya ta?"

Nan na yi shiru, kuma har yanzu abin na cina. Aikinmu na gyaran jerin haƙora ba ya shiga irin wannan gwaji da sauƙi. Ƙwayar magani ana iya yin ta bogi a gwaji, mai sha bai san wacce aka ba shi ba, amma ƙarfe a baki ba ya ɓoyuwa, likita ya sani, yaro ya sani. Wani ya sa na'urar dare da rana, wani ta kwana a aljihu, duk a lissafi ɗaya. Gwaji kan ƙare da an cire ƙarfe, alhali komawar haƙora gidan jiya shekaru take ɗauka. Shi ya sa bitar na'urorin riƙe haƙora bayan an cire ƙarfe ita ma ta ƙare da cewa shaida ba ta wadatar ba.

Sai dai ban yarda da Oga duka ba. "Shaida ba ta isa ba" ita ce ƙofar da kowane mai tallar sabuwar na'ura ke bi. Gara gwaji mai rauni da "a ganina".

Gobe zan kira mahaifiyar, da yarinyar za su zo. Ita ba wanda ya tambaye ta komai tukuna.

Bayana ciwo. Barci.