Yadda na buɗe asusu a Kano ina zaune a Maradi

Shekara goma sha ɗaya ina sayo atamfa da shadda a Kantin Kwari ina kawowa Maradi, kuma duk tsawon lokacin ban taɓa mallakar asusu a Najeriya ba. Mai masaukina a Kano, dattijon da tun zamanin mahaifina muke sauka gidansa, shi ne bankina. In na sayar da kaya na canza sefa, asusunsa ake zuba nairar, shi kuma ya biya masu shaguna. Ko kwabo bai taɓa ci mini ba.

Allah ya yi masa rasuwa lokacin da iyaka take rufe, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Ko ta'aziyya ban samu zuwa a kan kari ba. Kuɗina na cikin asusunsa, kuma a wurin banki duk abin da ke ciki dukiyar mamaci ce, sai magada sun kawo takardar kotu. Ƴaƴansa mutanen kirki ne, babban ya ce mini, «Baba, mun san da kuɗinka, ga shi ma a rubuce cikin littafin Alhaji.» Amma wata bakwai jarina yana kwance, naira tana zubewa. Dalar Amurka da take wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta motsa ba. Da kuɗin suka fito, abin da suka saya bai kai rabin abin da na yi lissafi ba.

Da aka buɗe iyaka a Maris na 2024, na bi ta Ɗan Isa da Jibiya da niyyar ba zan dawo ba sai da asusu mai sunana. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Banki biyu na shiga da fasfona, amsa iri ɗaya: ina takardar izinin zama, ina lambar NIN ta shaidar ƙasa, ina BVN wato lambar tantancewa ta banki, ina takardar kuɗin wuta mai nuna adireshi? Wata yarinya ma'aikaciya ta zaunar da ni ta ce, «Alhaji, ba ƙin ka muke ba. Babban banki ne ya ɗora mana sanin wanda muke ajiye wa kuɗi da inda za a same shi.» Ita ta jero mini abin da ke gaba da abin da ke baya a bayan wata takarda, kuma har yau takardar tana cikin jakata.

A bakin ƙofar bankin wani ya ja ni gefe. Ya ce me zai sa in wahala, Hausa ɗaya muke ji, in ce ni ɗan Jibiya ne kawai a yi mini kati. Na san mutane da yawa sun bi wannan hanya, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya so. Abin da ya tsayar da ni shi ne yatsu. BVN, tun da aka kawo ta a 2014, da zanen yatsun mutum da hoton fuskarsa ake haɗa ta, lamba 11 ce guda ɗaya tak a duk bankunan ƙasar. Ƙaryar da ka yi ranar farko za ta bi ka kowane banki, kuma ran da fasfonka na Nijar ya ci karo da ita, kuɗinka ne za a riƙe. Ban fito daga hannun magada don in faɗa hannun hukuma ba.

Sai na bi doguwar hanya. Na kama hayar ɗaki a Fagge, wanda dama ina bukata don ajiye kaya tunda kowane wata ina Kano, mai gida ya ba ni takardar haya da ta wuta. Da su na je ofishin shige da fice na nemi katin zama na ƴan CEDEAO (ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma), daga nan NIN, sannan BVN a cikin bankin. Tafiya huɗu na yi.

Wurin da na fi shan wuya shi ne suna. Namu rubutun Faransanci ne, nasu na Ingilishi. Inda fasfo ya ce Ousmane, hannun magatakarda da kansa yake rubuta Usman, Mahamadou ya koma Muhammadu. Harafi biyu aka canza a sunan mahaifina, na'ura ta ƙi haɗa takardun, gyaran ya ci mini mako uku. Haka ranar haihuwa: irinmu da takardar haihuwa ta ce an haife mu wajen shekara kaza, 1 ga Janairu aka sa mana a fasfo, to kada ka ba da wata rana ko da ka san ta gaskiyar. Yanzu duk inda za a rubuta sunana sai na buɗe fasfo na ɗora yatsa a kan layin, ina kallo har a gama.

Akwai kuma layin waya. Sai na Najeriya suke karɓa, ta nan lambar sirri take zuwa duk lokacin da za ka tura kuɗi. In ka bar shi watanni ba ka taɓa ba, kamfani zai iya ba wani lambar. Ina da ƙaramar waya daban dominsa, ina sa masa kati a kai a kai.

Asusun bai raba ni da ƴan canji ba, har yanzu ta hannunsu sefa take zama naira. Kuma ba na barin kuɗi su kwana biyu a ciki: ranar da suka shiga, ranar nake biyan masu kaya. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a 29 ga Janairun 2025, duk zuwana sai na leƙa wurin yarinyar nan na tambaye ta ko an canza wani abu game da takardunmu. Katin zamana zai ƙare bayan damina, na riga na haɗa hotuna da sabuwar takardar haya.