Ranar da na tare Goggo a bakin ƙofa

Gadarif, Sudan, Laraba 20 ga Agusta, 2025

Sha ɗaya da rabi na dare. Inna ta samu barci, ni kuwa idona biyu, ma'aunin zafin jiki na gefena a kan tabarma. Yau kwana goma ke nan da aka yi mata kimawi zagaye na uku, ƙarin ruwan nan na kashe cutar daji da ake ɗaura mata duk bayan kwana 21 saboda sankarar mama.

Wanda bai taɓa jinyar mai kimawi ba zai ɗauka kwanakin farko ne masu haɗari. Su ne dai masu tayar da hankalin mai kallo: amai, tashin zuciya, fitsari ya koma ja kwana ɗaya ko biyu saboda jan maganin da ake kira doksorubisin, ga rashin barci. Wajen kwana na bakwai sai aman ya lafa, ta tashi zaune, ta nemi carbinta da rediyo, kowa ya ce alhamdu lillahi jiki ya yi sauƙi. To a daidai nan jini yake faɗuwa. Likita ta zana mini shi a bayan takardar magani: kimawi ba ya tantance ƙwayar daji da sauran abubuwan da ke saurin tsiro a jiki, shi ya sa yake taɓa gashi da fatar cikin baki da ɓargo. Idan ya taɓa ɓargo, fararen ƙwayoyin jini masu kare mutum daga cuta sai su yi ƙasa, musamman tsakanin kwana 7 da 14. Murar da yaro zai yi yana wasansa, ita tana iya kwantar da Inna a asibiti.

Da asuba na tafasa ruwan sha na yini. Tun kwalarar bara ba na wasa da wannan. Na haɗa mata ruwan kuskure baki, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bikarbonat a lita guda, don bakinta duk ya yi gyambo, har asuwaki ta daina sai buroshi mai laushi irin na yara. Ruwan tsamiya da zoɓo, da can su ne abin marmarinta, yanzu kurɓa ɗaya sai hawaye. Na dama mata kunun gero ba tsami, na bari ya huce sarai, na ba ta da cokalin katako, saboda cewa take na ƙarfe yana ƙara mata ɗanɗanon tsatsa a baki. Ta sha cokali tara, ta ci rabin dafaffen ƙwai. Na rubuta a littafi.

Matar da muke haya a gidanta, Allah ya saka mata da alheri, ta bar kunna turaren wuta tun zagayen farko, gahawarta, da ake kira jabana a nan, ita ma can ƙarshen gida take soya ta. Ban roƙe ta ba. Sau ɗaya ta ga yadda ƙamshi ya sa Inna yunƙurin amai, shi ke nan.

Da hantsi na ji sallama. Goggo ce, yayar marigayi Baba, ta taso tun jiya daga Hawata. Duk wanda ya san laƙar ƙasar nan da damina ya san abin da ta sha a hanya. Taɓo har gefen zanenta, kaza a hannu ɗaya, ƙullin magani a ɗaya, ga jikanta ɗan shekara huɗu yana biye da ita yana tari, majina har leɓe.

Na durƙusa na gaishe ta a zaure, amma ban matsa daga hanya ba. Na ce, "Goggo, ku yi haƙuri, yaron ba zai shiga wurin Inna ba. Ku ma sai kun wanke hannu da sabulu, kun sa takunkumi."

Da na ce kamama, yadda mutanen nan suke kiran abin rufe hancin, wataƙila da bai yi mata zafi haka ba. Ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Takunkumi? Dabba ce ni? Ni na yi wa uwarki kitson aure. Zumunci a ƙafa yake, na tako, ke kuma kin tsaya mini a ƙofa."

Gaskiya ta faɗa, kuma shi ya fi ci mini rai. Inna haifaffiyar Maiwurno ce. Kakanninta suna cikin waɗanda suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi a 1903, suka tako har bakin Kogin Nilu. Mutanen da suka zo ƙasar da ba su san kowa ba, dubiya da biki da zaman makoki ne suka riƙe su. Mu ma da muka gudo daga Madani saboda yaƙi a Disambar 2023 da kayan jikinmu kawai, dangi ne suka buɗe mana ƙofa, Goggo ce ma ta fara aiko mana da buhun dawa. A gidanmu ba a taɓa tambayar baƙo ko ya wanke hannu ba. Yau ni, ƙaramar 'ya a wurinta, na yi.

Ban ja da ita ba. Na ɗauko takardar likita na nuna mata zanen, na ce mata jikin Inna a kwanakin nan kamar gida ne da katangarsa ta faɗi, ko ɗan akuya ya zo zai shiga. Na ce idan aka kai mako na uku jinin ya hau, ta zo ta kwana gado ɗaya da ita in tana so. Ta yi shiru. Matar gida ta zo ta ja yaron ɓangarenta da alewa. Goggo ta wanke hannu, ta ɗaura kamamar a karkace, ta zauna kan kujera a bakin rumfa, Inna na kan gadon igiya daga ciki.

Ɗankwalin Inna ya zame lokacin da take gyara zama. Goggo ba ta taɓa ganin kan ba tun da gashin ya zube, mako biyu da 'yan kwanaki bayan zagayen farko. Ta juya fuska tana share ido da bakin mayafi. Inna ce ma take ba ta baki, tana cewa likita ta ce zai fito idan an gama.

Ƙullin maganin sassaƙe ne da saiwoyi, wai an gwada a kan wata mata ta warke. Na karɓa hannu biyu na yi godiya, na ajiye shi a saman kwaba. Ba zan jiƙa shi ba. Hantar da ke fama da tace kimawi ba zan ɗora mata abin da ban san ƙarfinsa ba, kuma na gaya wa Goggo a fili cewa zan kai wa likita ta gani tukuna. Kazar kuwa na yi farfesunta ba yaji, ta dahu luguf. Inna ta sha romon.

Yaya ya kira daga Jidda bayan la'asar, ya ce ya turo kuɗin gwajin jini ta manhajar banki ta Bankak. Ya tambaye ni, "Ke fa, kina cin abinci?" Sai a lokacin na tuna ban sa komai a bakina ba tun shayin safe. Na zagaya bayan randa na yi kukana, na wanke fuska, na ci kisra, gurasar dawa ta mutanen nan, da sauran romon a tsaye.

Bayan magariba Inna ta ce, "Uwata, rufa mini bargo, sanyi nake ji." Gabana ya faɗi. Na auna: 37.6. Goggo ta ce zazzaɓin damina ne, a ba ta Panadol ta kwanta. Na ce a'a. Dokar da likita ta kafa mini guda ce, kuma ta maimaita ta sau uku: idan zafi ya kai 38, ko jiki ya kama karkarwa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne, kada a ba ta abin saukar da zazzaɓi a gida, don yana ɓoye alamar ne kawai cutar na ci a jini. Ko da na cizon sauro ne, wanda ya yi yawa a garin nan yanzu, gwaji ne zai faɗa, ba mu ba.

Jakar asibiti dama a haɗe take kullum: takardunta, sunayen magungunan da aka ɗaura mata, zane biyu, gorar ruwa. Ƙanena ya kira mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, na unguwa ya ce masa ya bar wayarsa a kunne. Wuta ta ɗauke. Duk rabin awa ina aunawa, Goggo na haska mini da tocila. 37.8. Ba wanda ya ce uffan. Na yi isha'i ban san surar da na karanta ba. 37.7. Sai Goggo ta fara riga ni: "Lokaci bai yi ba? Nawa ya nuna?" Ƙarfe tara 37.3, Inna ta ture bargon ta ce zafi take ji, a ba ta ruwa.

Muna cikin haka wata maƙwabciya ta yi sallama, ta ji an ce jikin ya motsa. Kafin in miƙe Goggo ta riga ni zuwa zaure. Ina jin ta tana cewa, "Yi mata addu'a daga nan, 'yar nan, tana ji. Jininta a ƙasa yake sai mako mai zuwa."

Awon ƙarshe 37.1, ƙarfe goma da rabi. Duk da haka da safe zan kira likita in gaya mata an ji sanyi, in kuma tambaye ta maganin shafawa na gyambon bakin, don gobe ina son cokalin kunun ya wuce tara. Gwajin jini ranar Lahadi 31 ga wata, idan ya hau a ɗaura zagaye na huɗu Litinin.

Goggo ta ƙi kwana a ɓangaren matar gida. Ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗakin, daga waje, ta ce in tashe ta ƙarfe uku ta riƙe mini tocila.