Abin da nazarin tseren Ivan Mauger ya koya mini

A aikina na rubuce-rubuce kan wasanni, ɗan tseren da nazarin rayuwarsa ya fi tasiri a kaina shi ne Ivan Mauger, mutumin Christchurch ta ƙasar Niyu Zilan, wanda aka haifa a 1939, ya rasu a 2018. Fagensa shi ne tseren sipidwe, inda mahaya huɗu ke zagaya fili mai siffar ƙwai sau huɗu, a kan babura masu amfani da man metanol maimakon fetur, masu giyar inji ɗaya tak, kuma babu birki ko kaɗan. Mahayi yakan shiga kwana ne yana murɗa totur, ya bar tayar baya ta zame tana watsa ƙasa, yayin da ƙafarsa ta hagu, wadda ke sanye da takalmin ƙarfe, take gogar fili don kada ya kife.

Tun da kowane tsere bai cika wuce minti ɗaya da wani abu ba, wanda ya riga shiga kwanar farko shi ke da babban rabo, sauran kuwa sai su yi ta shan ƙurarsa. Mauger ya yi suna wajen tashi da zarar an ɗaga igiyar fara tsere, kuma wannan saurin ya samo asali ne daga shirin da ba a gani daga wurin 'yan kallo: daidaita kuloci, duba laushin ƙasa ko taurinta, da zaɓar daidai inda tayar baya za ta kama. Daga nan na fahimci cewa idan ina son in bayyana wa mai karatu dalilin nasara, dole ne in nemi labarin garejin mahayi da na makanikansa.

Darasin da ya fi ratsa ni yana cikin shekarun da bai riga ya yi suna a duniya ba. Ya isa Ingila a 1957 yana ɗan shekara 17, ya shiga ƙungiyar Wimbledon, amma abin bai karɓe shi ba. Ya koma ya ci gaba da gogewa a filayen Ostireliya da na gida, bai dawo ba sai 1963, lokacin da ya shiga ƙungiyar Newcastle. Bayan haka ne ya zama zakaran duniya sau shida: a 1968 da 1969 da 1970 a jere, abin da ya sa wasu masoyansa Amurkawa suka lulluɓe babur ɗinsa da zinariya, sannan a 1972 da 1977, sai na ƙarshe a 1979 a Chorzów ta ƙasar Poland, yana da shekara 39.

A ganina, marubucin da ya fara labarin Mauger daga 1968 ya tauye masa haƙƙi, domin ya tsallake lokacin da mutumin ya yarda cewa bai isa ba tukuna, ya koma ya sake koyo. Shi ya sa a yanzu, duk ɗan wasan da zan yi rubutu a kansa, nakan fara binciken shekarun da sunansa bai fito a jarida ba, in gano inda ya yi su da kuma waɗanda suka horar da shi.