Kuɗin sallama ba na koyon kasuwanci ba ne

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ajiye aiki ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa, malaman firamare da sakandare ne dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 da 40. Kenan ranar ritaya ba a ɓoye take ba, tun ranar da aka miƙo maka takardar kama aiki za ka iya ɗaukar biro ka lissafo ta. Amma ka zauna a majalisa bayan la'asar ka tambayi wanda saura masa shekara biyar me ya tanada, amsar kusan guda ce: "in sha Allahu in an biya ni haƙƙina zan ja jari." Wannan maganar tana tayar min da hankali wallahi, ita ce ma ta sa na zauna na rubuta wannan.

Ku duba fa jama'a. Mutum ya shekara talatin da biyar yana riƙe da fayil ko alli, ko mudun gero bai taɓa sayarwa ba, sai rana ɗaya miliyoyi su faɗo asusunsa, a daidai lokacin da albashi ya tsaya cak. Kasuwa kuma ba wanda yake gane kanta sai ya sha asara tukuna. Ɗan shekara 35 in annoba ta share masa kaji ɗari biyu zai yi baƙin ciki, amma ƙarshen wata alat zai shigo ya sake gwadawa. Ɗan shekara 60 in ya zuba kuɗin sallamarsa a gidan gona ko motar haya abin ya rushe, ba shi da wani ƙarshen wata da zai jira. Ga shi kuma duk dangi sun ji labarin an biya, ga auren 'ya da kayan ɗaki, ga rufin da ke yoyo, ga masu zuwa da "wata harka mai kyau" da ba ka taɓa ganinsu a ƙofar gidanka ba sai yanzu.

Wani zai ce ai akwai fansho. Akwai, kuma ya kamata kowa ya san yadda nasa yake tafiya. Tsarin da aka kawo a 2004 zamanin Obasanjo, aka gyara dokar a 2014, shi ne a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, wanda kake wa aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunanka a wajen kamfanin kula da fansho, hukumar PenCom tana sa ido. In albashin da ake lissafi a kansa dubu 150 ne, dubu 27 kenan duk wata. Abin da mutane da yawa ba sa yi shi ne su nemi bayanin asusun su ga ko ana zubawa da gaske, don akwai wuraren aikin da ake cirewa a takarda amma kuɗin ba sa isa, sai mutum ya zo tafiya ya tarar da ramin watanni. Ka duba tun kana da ƙarfin bin ofis-ofis. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, tun 2021 akwai rukunin da ake kira Fund VI wanda ba a juya shi a harkar ruwa, cike fom kawai za ka yi a mayar da kai can. Ɗan kasuwa, tela, mai shayi, mai kitso, su ma an buɗe musu ƙaramin tsarin fansho a 2019 da za su riƙa zuba abin da ya sawwaƙa.

To amma fansho kaɗai ba zai riƙe gida ba, wannan kowa ya gani da idonsa. A Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, da aka cire tallafi ta haura 500 cikin kwanaki. Dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mai aiki ko ba komai an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 zuwa dubu 70, shi kuwa dattijon da ke karɓar fanshon jiha, wani ma garatutinsa ya shekara da shekaru bai fito ba, da me zai sayi maganin hawan jini?

Shi ya sa nake ganin kowa yana bukatar wata ƙofa da kuɗi za su riƙa shigowa ba da guminsa ba, kuma a fara gina ta tun albashi yana nan. Ni ma'aunina guda ɗaya ne: in ka kwanta ciwo wata uku ba ka fita ba, kuɗin za su ci gaba da shigowa? In amsar a'a ce, to aiki na biyu ka samu, ba laifi ba ne, amma kada ka lissafa shi a tanadin tsufa.

Mu ɗauki adaidaita sahu, tunda ita ce kowa ke fara tunani a Kano. Ka saya ka ba yaro yana kawo balas kullum, sai ka ji daɗi kana ganin riba ce zalla. Alhali wani kaso na wannan balas ɗin uwar kuɗinka ce take dawowa a gutsure, don mashin ɗin kullum tsufa yake, bayan 'yan shekaru sai dai a sayar da shi a araha. In ba ka ware kuɗin sayen sabo a gefe ba, ka cinye jarin ba ka sani ba. Sannan yau inji, gobe taya, jibi an kama shi sai ka je ka karɓo, wani lokaci direban ya ɓace kwana huɗu wayarsa a kashe. Mai shekara 40 zai iya wannan zirga-zirgar, dattijo mai ciwon gwiwa ba zai iya ba.

Ajiyar hatsi ma haka. A saya da kaka a Dawanau ko kasuwannin ƙauye a zuba a sito a jira bazara, shekaru da yawa an samu alheri, har mutane suka ɗauka ba ta faɗuwa. Sai ga 2025, farashin masara da sauran hatsi ya sauko, waɗanda suka saya da tsada suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ban da kuɗin sito da maganin ƙwari. Kiwo kuma, ba da tumaki ko saniya a ƙauye a raba abin da aka haifa, tsohuwar hanya ce mai albarka da iyayenmu mata suka riƙe kansu da ita, sai dai a yankunan Zamfara, Katsina da Sakkwato da ɓarayin daji suka addaba, dare ɗaya ake kore tanadin shekara goma.

Gidan haya ya fi waɗannan kusa da cin ma'aunin, amma a yi lissafi da gaskiya. Misali ka kashe miliyan 20 ka gina gida, ana ba ka hayar dubu 800 a shekara, kashi 4 cikin ɗari kenan, ka cire gyaran soka-awe da fenti da kamashon ejan da watannin da gidan ya zauna ba kowa. Amfaninsa na gaske shi ne ƙasa tana bin tsadar rayuwa, in komai ya tashi ita ma ta tashi, haya ma ana ƙarawa. A ganina shaguna biyu uku a bakin titi mai jama'a sun fi babban gida guda, gyaransu kaɗan ne, in ɗaya ya fita saura suna biya. Abu biyu kawai zan roƙa: a tabbatar da takardun fili kafin a biya ko sisi, don rikicin fili ɗaya mai shi uku ya cika kotunanmu, sannan a yi yarjejeniya a rubuce ko da ɗan ƙaninka ne zai shiga, in ba haka ba kunya za ta hana ka tambayar kuɗinka.

Wanda na ga mutanenmu ba su cika sani ba shi ne sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci da gwamnati ke sayarwa don yin ayyuka. Ofishin kula da basussuka, DMO, ya fara fitar da shi a Satumbar 2017, naira biliyan 100 na shekara bakwai, aka yi aikin tituna da kuɗin, ana biyan masu shi haya ta kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, rabi duk wata shida. An tsara shi ne a kan ijara, wato haya, don masu gudun riba, kuma da dubu 10 ma ana shiga ta banki ko dillalin hannun jari in an buɗe. Wanda ya sa miliyan ɗaya a wancan karon yana karɓar naira 82,350 duk wata shida yana kwance a ɗakinsa, a 2024 aka mayar masa da miliyansa. Sai dai a nan ma akwai abin lura, miliyan ɗin 2024 ba ta sayen ko rabin abin da ta 2017 take saya. Don haka in kana da albashi kada ka ci hayar, ka mayar da ita cikin wani abu, kuma kada ka tara komai naka a takardar naira, a haɗa da abin da ke tashi in kaya sun tashi, fili ne, shago ne, ko zinare irin yadda mata suka daɗe suna yi. Bankunan da ba sa harkar ruwa irin Jaiz da ya fara a 2012, da TAJ da Lotus, suna da asusun mudaraba da ake raba riba, ya dace da kuɗin ko-ta-kwana. Hannun jarin manyan kamfanoni ma hanya ce, Dangote Cement ya raba naira 30 kan kowane hannu na shekarar 2023, amma kamfani yana iya shekara bai raba komai ba, wanda ya ga faɗuwar kasuwar a 2008 ya san ba wajen sa kuɗin cefane ba ne.

Ga gargaɗi kuma, da babbar murya. Duk wanda ya ce ka kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari da talatin bayan wata, kuma in ka kawo mutum a ba ka kamasho, ka tashi daga wajen ko da a masallaci kuka haɗu, ko da ya sa wa abin suna na addini. Irin wannan harkar ce MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma tsofaffi masu kuɗin sallama a hannu suna cikin waɗanda masu irin wannan suka fi nema. Hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari tana da jerin kamfanonin da ta yi wa rajista a intanet, in kai ba ka iya ba ka sa ɗanka ya duba maka.

Na san akwai mai cewa 'ya'yana ne fanshona, Allah Ya raya su Ya yi musu albarka, kula da iyaye wajibi ne a kansu. Amma ka dubi yaron da ya gama digiri ya yi bautar ƙasa yana zaune a shagon POS, shi ma yana neman na aure, ka ɗora masa gidanka gaba ɗaya? In kana da ɗan abin da ke shigo maka, abin da ya kawo sai ya zama alheri da neman albarka, kai ma ka karɓa da sakin fuska.

Sauran abin da zan ƙara shi ne rubutu. Akwai ribar hannun jari mai tarin yawa da ke kwance ba a karɓa ba a ƙasar nan, wani ɓangare saboda masu ita sun rasu iyali ba su ma san da ita ba. Ka samu littafi guda ka rubuta sunan kamfanin fanshonka da lambarka, inda takardun fili suke, wa ke riƙe da tumakinka a wane ƙauye, wa kake bi, wa ke binka, da lokacin da zakkarka take cika. Ka gyara sunan magajinka a banki da wajen fansho in ka ƙara aure ko wanda ka sa ya riga ka, ka zaunar da uwargida da babban ɗanka ka nuna musu inda littafin yake.