Kafin a sayar da gona don aikin Saudiyya, a duba bizar

Sau da yawa wanda ke kawo maganar aikin ƙasar waje a nan Kebbi sananne ne. Ɗan unguwa ne a Jega ko Argungu, ko wata hajiya da aka sani da zirga-zirgar Jidda, ta ce an samu gurbin aikatau ko tuƙi, a kawo kuɗi kafin Juma'a. Mai yiwuwa ita ma ba ta san uban tafiyar ba, kason ta kawai take karɓa. Saboda haka sanin gidan dillali ba ya isa hujja. Takardun za a bincika, kuma da biza ake farawa.

Saudiyya ta raba bizarta gida-gida. Ta Umara don ibada ce, zamanta bai wuce wata 3 ba, kuma ba ta halatta aiki. Idan ejan ya ce, "Shiga da ta Umara, in ka isa za a juya maka ita," to a nan maganar ta ƙare. Abin da ke biyo baya sananne ne: wa'adi ya cika, mutum ya zama ba shi da iƙama, wato katin zama. Ba zai buɗe asusun banki ba, zuwa asibiti ya zama da fargaba, in uban gida ya hana shi albashi ba inda zai kai ƙara ba tare da ya tona kansa ba. Ranar da aka kama shi sai gidan tarhil na Shumaisi, wato inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, tsakanin Makka da Jidda, a ɗauki zanen yatsunsa, a dawo da shi, a hana shi komawa na shekaru. Bizar aiki ta gaskiya tana ɗauke da sunan wanda ya ɗauke ka da sana'ar da za ka yi. Ka nemi kwafinta, ka sa wanda ya iya intanet ya duba ta a shafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya da lambar fasfonka. Kuma ba a samun ta sai an yi gwajin lafiya a asibitin da hukumominsu suka amince da shi. Wanda ya ce zai kawo maka sakamakon gwaji kana zaune a gida, jabu zai kawo.

Sai kuɗi. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci kuɗin ɗauko shi, da na iƙama, da tikitin komawa gida in yarjejeniya ta ƙare. Masu aikatau kuma ta manhajar gwamnati mai suna Musaned ake ɗaukar su, uban gida ne ke biya. To miliyoyin da ake cewa a kawo, na mene ne? Ɗan damfara ba ya faɗin jimla tun farko. Yau kuɗin fom, jibi na gwaji, sati mai zuwa "biza ta fito amma an riƙe ta", kowanne a asusun wani mutum daban ko ta POS, babu rasit mai sunan kamfani. Wanda ya riga ya zuba kuɗin shanu biyu yana jin nauyin ja da baya, da wannan suke cin mutane.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tayin da ake wa mata: "Za mu kai ki kyauta, ki biya daga albashi." Bashin ba a rubuce yake ba, don haka ba ya ƙarewa. Ana sauka a karɓe fasfo, alhali dokar Saudiyya ta hana riƙe fasfon ma'aikaci. In ta gudu, kafili, wato uban gidan da ya ɗauko ta, ya kai rahoton hurub, wato ta gudu daga aiki, ta koma wadda ake nema. Iyaye, don Allah kada ku sallama 'yarku sai kun ga yarjejeniya a rubuce, mai albashi da riyal, da ranar hutu, da sunan gida da garin da za ta zauna. In da Larabci take, malaman da za su karanta muku ba su yi mana kaɗan ba.

Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kawai ba ta ba kamfani ikon kai ma'aikata waje. Sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ka karɓi lambar lasisin, ka je ofishin ma'aikatar a Birnin Kebbi ka tambaya.

Ba Saudiyya kaɗai ba, Ingila ta rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga waje tun Yulin 2025, mai sayar da wannan gurbin yanzu iska yake sayarwa. Aikin da za a tafi ta Kamba zuwa Gaya da Agadas a Nijar, a nufi Libiya kuwa, safarar mutane ce tsantsa.

In an riga an biya, kada a goge komai: saƙonnin murya na WhatsApp, shaidar tura kuɗi, lambobin asusu, hoton takardun da aka bayar. A kai wa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane da aka kafa a 2003, tana da ofishin shiyya a Sakkwato, ko a kai wa 'yan sanda. A yi da wuri, tun ejan bai canza layi ba. Mai tafiya ta halastacciyar hanya shi ma ya bar kwafin fasfo da biza da yarjejeniya a hannun wani babba a gida.