Yadda ƙudan zuma suka dawo bayan gidanmu

Damina biyu a jere kabewata tana yaɗo har kan danga, fure ko'ina, amma da 'ya'yan sun kai girman ƙwai sai su yi rawaya su zube. Na ƙara taki, na ƙara feshi, ba ta sauya zani ba.

Inna ce ta gano bakin zaren. Ta tsaya a lambun wata safiya ta ce, "Kai, yaushe rabon da ka ji kukan zuma a nan?" Ashe kabewa fure iri biyu take yi, namiji da mace, macen ita ce mai ɗan ƙulli a gindi. In ƙudan zuma ba su kwaso garin namijin sun kai mata ba kafin rana ta take, furen ya rufe, shi ke nan. Ni kuwa da sassafe nake feshin maganin ƙwari, daidai lokacin kiwonsu. Abin ya dame ni ƙwarai.

Na ajiye feshin. Furannin ado da na saya a bakin titi suna shan ruwa kamar me, amma da wuya ka ga ƙwaro a kansu, sai na maye gurbinsu da namu na gida: yakuwa, rama, riɗi da ɗoɗɗoya. Ɗoɗɗoyar ce ta fi ba ni mamaki. Da, ina tsinke kanta don ta yi ganye. Da na bar ta ta yi fure, tun hantsi za ka ji ta tana amo.

Tumfafiyar da ta fito jikin katanga ma na ƙyale ta. Tsutsa mai zane-zane ta cinye ganyen, har hannuna ya kai ga tsinke ta, na daure. Bayan 'yan makonni sai ga malam-buɗe-littafi ruwan goro suna shawagi. Sai dai na gargaɗi yara kan nonon tumfafiya, don yana illa ga ido.

Wahalar tana rani, lokacin da komai ya bushe. Na sa kasko da ruwa, na jera duwatsu a ciki don su samu wurin sauka kada su nutse, na kuma dasa magarya a kusurwa.

Bana kabewa bakwai na cire. Babbar na kai wa Inna, ta yi mana miyar taushe.