Yau sanholo ya saƙa wa kansa riga a gabana

Yamai, Asabar da dare.

Da sassafe na leƙa kasuwar Katako na sayo guntayen sanholo biyu, wato aluminiyam, ɗaya yankin firam ɗin taga, ɗaya kunnen tukunyar zubi. Ɗan ƙanwata ne ya tayar da maganar jiya: "Kawu, me ya sa tagar aluminiyam ba ta tsatsa?" Na ce masa ita ma tana yi, sai dai tsatsarta ce garkuwarta. Bai yarda ba, shi ya sa na ce sai ya gani da idonsa.

Mun wanke guntayen da soda, muka haɗa ruwan batir, wato asid, da tataccen ruwa rabi da rabi a cikin roba. Asid ake tsiyayawa cikin ruwa, ba a yin akasin haka. Wannan na nanata masa har ya gaji. Muka tsoma sanholon da guntun dalma a ruwan, jan waya na cajar batir a jikin sanholo, baƙi a jikin dalma. Da kuran ya shiga, sai ƙananan kumfa suka rufe dalmar, haidurojin ke nan. A ɓangaren sanholon ido ba ya ganin komai, amma can ne aikin yake: oksijin da kuran ke ɓallowa daga ruwan tana kama ƙarfen, fata mai tauri tana tsirowa daga jikinsa. Ba fenti ba ne da za a ɓanɓare. Asid kuma yana huda mata ramuka ƙanana, ta nan kuran ke ratsawa fatar ta ci gaba da kauri.

Gwajin farko ya lalace. Zafin Yamai ya dumama ruwan, asid ya riƙa cinye fatar tana fitowa, na shafa da yatsa ta bi ni kamar alli. Aikin yana son wajen digiri 20. Na aiki yaron ya sayo ƙanƙara, muka jera kewaye da robar, muka sake.

Bayan minti 40 na tsoma yankin tagar a rini, ramukan suka sha shuɗi, sannan muka tafasa shi don su toshe. Na ɗora masa mitar gwada kuran, kuran ya ƙi wucewa. Yaron ya goga da farce, launi bai motsa ba, ya dube ni ya ce, "Kawu, ashe gaskiya ne."

Kunnen tukunyar kuwa toka-toka ya fito, da dabbare-dabbare, don ƙarfen zubi gauraye yake da silikon da tarkacen injin. Yaron ya tafi da shuɗin a aljihu, zai nuna a lakkwal ranar Litinin.